Jitar 1962 Wadda Ba Ta Ga 1962 Ba

Masu bin filin nan sun sani ba kasafai nakan ɗauko zancen gida in kawo shi nan ba, amma wannan mako sai ku yi mini haƙuri, domin abin da na tarar a Kafanchan cikin hutun ƙarshen shekara ya shafi duk wanda aka taɓa damƙa wa kuɗin jama'a aka ce ya je ya sayo kayan kiɗa.

Na sauka gidan wani tsohon abokina ne, da niyyar in kwana biyu, sa'an nan mu wuce Kagoro tare ran 1 ga Janairu mu yi kallon bikin Afan. Ban gama shan ruwa ba sai ga ɗansa ya shigo, fuska a murtuke, yana rataye da jakar jita. Shi ne shugaban makaɗan matasa na majami'arsu. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, an ce kun taɓa kaɗa wannan abu kuna samari. Don Allah ku duba mini ita, sunana na neman ɓaci a gari."

Ga yadda abin ya faru. Watanni suka yi suna tara kuɗi. Samari suka yi ƙwadago a gonakin citta, 'yan Zumuntar Mata suka kawo tasu gudummawa, dattawa suka cika. Ana nan sai wani dillali ya zo da jita mai lantarki daga Legas, ya ce 'yar gwanjo ce daga Amurka, ƙirar Fender Stratocaster ta shekarar 1962, irin wadda ba a yi yanzu. Yaron ya ga fentin ya ɗan koɗe, ya ji sauti ya yi masa daɗi, ya juye wa dillali kuɗin duka. Ba a yi mako guda ba sai ɗan wani dattijo, wanda ke karatu a Zariya, ya duba a wayarsa ya ce ai jitar 1962 ta gaskiya kuɗinta sun isa gina gida, saboda haka wannan ko dai jabu ce ko ta sata. Daga nan ma'aji ya fara zancen a kawo rasit, mata suka fara tambayar ina kuɗinsu suka shiga.

Na ce a kawo sukudireba. Muka sassauta tsirkiyoyi, muka kwance notin nan huɗu da ke riƙe da wuyan jita a jikinta, muka zare wuyan a hankali. A bayan wuyan, can ƙasa, ga rubutu ƙarami da Turanci cewa a Japan aka ƙera ta, ga lambar ƙira a kusa. A gindin wuyan kuma, wurin da ba a gani sai an kwance, an buga hatimi: ST62. Na dubi yaron na ce, "Kwantar da hankalinka. Dillali ya faɗa maka ƙarya, ko kuwa shi ma bai sani ba. Amma ba jabu ka sayo ba."

To, mene ne ya sayo? Abin da Turawa ke kira reissue ke nan, ni kuwa zan kira shi sabon bugu. Malam mai karatu, ka ɗauki littafin Magana Jari Ce. Tun 1937 aka fara buga shi, kuma har yau in ka shiga kantin littattafai za ka same shi. Wanda ka saya bana ba na jabu ba ne, labaran su ne dai waɗanda Abubakar Imam ya rubuta, masu haƙƙi ne suka sake bugawa. Amma duk wanda ya ce maka takardar da ke hannunka ta fito daga injin 1937, ya zambace ka. Haka sabon bugun jita yake: kamfanin da ya yi ta farko shi ne ya koma ga tsohon zanensa, ya auna, ya sake ƙerawa. Lambar 62 ɗin nan sunan zane ne, ba ranar haihuwa ba ce.

Ya kamata in faɗi dalilin da ya sa kamfani zai koma yana kwaikwayon kansa, domin a nan ne asirin farashin yake. Leo Fender mai gyaran rediyo ne a garin Fullerton na Kalifoniya, bai ma iya kaɗa jita ba. Ya fito da Telecaster a farkon shekarun 1950, sa'an nan Stratocaster a 1954, wadda aka sa wa kuɗi dala 249 da rabi. Abokin gasarsa, kamfanin Gibson, ya fito da Les Paul a 1952. A watan Janairu na 1965 Fender ya sayar da kamfaninsa ga kamfanin watsa labarai na CBS a kan dala miliyan 13. Sababbin masu gida suka sa ido ga yawa: aka ƙara girman kan jita, aka koma fenti mai kauri, daga 1971 aka rage notin wuya daga huɗu zuwa uku. Makaɗa suka fara gunaguni cewa kayan sun lalace, suka bazama neman na da. Shi kuwa Gibson ya daina ƙera Les Paul ta ainihi a 1961, bai komo da ita ba sai 1968, bayan samarin Ingila irin su Eric Clapton sun sa duniya ta haukace a kanta. Waɗanda aka ƙera tsakanin 1958 da 1960 masu fenti ja da rawaya ba su kai dubu biyu ba gaba ɗaya, shi ya sa yau ake sayar da guda ɗaya dala dubu ɗaruruwa.

Mutanen Japan ne suka fara gane inda kasuwa ta nufa. Cikin shekarun 1970 kamfanoni irin su Tokai da Greco da Ibanez suka riƙa sayen tsofaffin jitocin Amurka suna kwancewa, suna aunawa, suna ƙera irinsu, har aikinsu ya fi abin da Amurkawan ke fitarwa a lokacin kyau. A 1977 masu Gibson suka kai dillalin Ibanez na Amurka kotu a kan siffar kan jita. Fender kuwa ya ga shari'a ba za ta fisshe shi ba, sai ya bi wata hanya. A 1982 ya ƙulla yarjejeniya da Japanawan, aka kafa Fender na Japan, ma'aikatar FujiGen tana ƙerawa, aka kuma fito da sunan Squier domin masu ƙaramin ƙarfi. A wannan shekarar ce kuma ya fara nasa sabon bugu a Amurka, watau Telecaster ta 1952 da Stratocaster ta 1957 da ta 1962. Jitar yaronmu daga wannan zuriya ta Japan ta fito, kuma masu sanin abin suna girmama ta ƙwarai.

Yau sunan Fender guda ne, amma ma'aikatu da yawa. Akwai ta garin Corona a Kalifoniya, akwai ta Ensenada a Meksiko, akwai ta Japan, Squier kuma galibi daga Indunusiya da ƙasar Sin take fitowa. Gibson a Amurka ake ƙera ta, ƙanwarta Epiphone, wadda ya saya tun 1957, mafi yawanta daga Sin. Wannan bai kamata ya ba ɗan Nijeriya mamaki ba. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kaduna, kuma babu direban da ya taɓa cewa 504 ta Kaduna jabu ce don ba a Faransa aka ɗaure notinta ba. Bambancin kuɗin ne ke da yawa. Lokacin da Fender ya fito da jerin American Vintage II a 2022, kowace ta kai dala 2,000 ko fiye, alhali Squier ta jerin Classic Vibe, wadda ita ma a kan tsohon zane aka yi ta, ba ta kai rubu'in haka ba. Na kaɗa duka biyu. Akwai bambanci, amma in an jona su ga lasifikar da yawancin majami'u da gidajen biki ke da ita, mai zama a benci na biyar ba zai ji shi ba.

Akwai ma wani abin dariya, ko da yake shi ya fi ruɗin masu saye. Tun 1995 Fender yake sayar da sababbin jitoci waɗanda aka tsufar da gangan, ana kiransu Relic. Ma'aikaci zai zauna ya kankare fenti, ya sa ƙarfe ya yi tsatsa, ya bubbuga jiki da makullai, sa'an nan a ƙara kuɗi a kan na sabuwa fil. Mu da muke biyan tela ya like yagar riga, su biya suke yi a yaga musu. Darasin da ke ciki ga mai saye shi ne, koɗewar fenti ba shaidar shekaru ba ce. Abin da ma'aikacin Kalifoniya ya iya yi da takardar goge katako, yaron shago ma ya iya.

Ita jabun fa? Tana nan, kuma da yawa. A watan Nuwamba na 2024 jami'an kwastan na Amurka suka ba da sanarwar kama jitoci fiye da 3,000 masu ɗauke da sunan Gibson na ƙarya a tashar jiragen ruwa ta Los Angeles, waɗanda da na gaske ne da kuɗinsu sun haura dala miliyan 18. In haka ta faru a ƙasar da kamfanin yake, mai karatu ya auna abin da ke shigowa namu tashoshin. Wajibi ne a rarrabe abu biyu a nan. Jitar da ta ɗauki siffar Stratocaster amma ta rubuta sunan mai ƙera ta a goshi, kamar Yamaha ko Cort, wannan sana'a ce ta halal, kuma sau da yawa ita ce ta fi dacewa da aljihunmu. Wadda ta ari sunan wani ta manna, ita ce ɓarauniya, kuma wanda ya yi maka ƙarya a kan suna ba zai ji nauyin yi maka ƙarya a kan katako da waya ba.

Ga 'yan alamun da na nuna wa yaron. A jitar Gibson ta gaske, ɗan murfin nan mai siffar ƙararrawa da ke kan jita, noti biyu ne ke riƙe da shi. In ka ga uku, ka yi tsai. In ka buɗe shi za ka tarar da notin tagulla mai kusurwa shida, ba ramin da ake zura makullin Allen ba. A Fender kuwa lambar ƙira tana magana: mai farawa da MN ko MZ ko MX ta Meksiko ce, JV ta Japan ce ta farkon shekarun 1980, harafin V a kan farantin ƙarfen bayan wuya kuma alamar sabon bugu ne na Amurka. Lamba kaɗai ba ta isa ba, domin masu jabu suna kwafe lambar gaske su buga wa jitoci ɗari. Shi ya sa na fi yarda da sukudireba. Dillalin da ya hana ka kwance wuyan Fender a gabansa, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Amma duk wannan ba shi ne abin da ya fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne, babu ko ɗaya cikin masu gardamar da ya tsaya ya tambaya ko zanen 1962 ya dace da Kafanchan. Sabon bugu mai gaskiya, da kyawun tsohuwa da aibinta yake kwaikwaya, kuma ƙasarmu ba ta da sassauci ga katako.

A ɗauki wuyan. Cikinsa akwai sandar ƙarfe wadda ake murɗawa domin a miƙar da shi in ya lanƙwashe. A jitocin zamani bakin sandar yana sama, ka zura makulli ka juya, magana ta ƙare. A tsohon zane yana can gindi, sai ka sassauta wuyan ko ka cire shi. A Kalifoniya wannan ba wani abu ba ne. Amma duk wanda ya zauna a kudancin Kaduna ya san yadda ƙofar ɗaki kan kumbura a watan Agusta har ta ƙi rufuwa, sa'an nan in hunturu ya busa a Janairu ta yi sako-sako. Wuyan jita ma haka yake yi, saboda haka sau biyu a shekara sai an taɓa sandar nan. Da na shafa gefen wuyan jitar yaron sai na ji bakin ƙarafan nan da aka gicciya, waɗanda makaɗa ke kira firet, sun fito suna kartar hannu. Ba laifin Japanawa ba ne, katako ne ya tsuke ya bar ƙarfe a waje. Maganinsa mai sauƙi ne: a jiƙa soso, a matse shi sarai, a sa cikin gwangwanin sabulu mai huji, a ajiye cikin akwatin jitar a rufe. Da damina kuma a cire soson, a riƙa goge tsirkiya da ƙyalle bayan kowane kiɗa, in ba haka ba tsatsa ta cinye ta cikin makonni.

Firet ɗin tsohon zane sirara ne, guda 21, kuma fuskar wuyan ta fi ta zamani dorowa. Wannan yana da daɗi ga mai danna tsirkiyoyi da yawa lokaci guda yana raka mawaƙa, amma mai son ya ja tsirkiya sama ta yi kuka, wani lokaci sautin kan shaƙe. Siririn firet kuma yana saurin cinyewa, mai iya sake shi kuwa ba a kowane gari ake samunsa ba. Fentin da, wanda masu tsadar cikin sababbin bugun ke alfahari da shi, shi ma ba ya son zafi da sanyi na farat ɗaya, yakan tsattsage, yakan kuma narke in ya daɗe jingine da roba. Ka tuna da wannan kafin ka bar jita cikin but ɗin mota ko ƙarƙashin rufin kwano da rana tsaka. Har katakon ma ba zai taɓa zama ɗaya da na 1962 ba ko kamfani ya so, domin jan icen Barazil da ake shimfiɗawa a fuskar wuya a wancan zamani an hana cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992, saboda an kusa ƙarar da shi. Mu da muka ga yadda aka yi wa madobiya a dazuzzukan Taraba ana lodi zuwa Sin, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Les Paul kuwa, in wani ya zo muku da ita, ku ɗaga ta tukuna. Takan haura kilo huɗu, kuma wanda zai tsaya da ita awa uku a sujada ko a wurin biki kafaɗarsa za ta ba shi labari. Wuyanta da gam aka haɗa shi da jiki, kanta kuma a karkace yake zuwa baya, shi ya sa faɗuwa ɗaya daga kan acaɓa ta isa ta karya shi. Na Fender in ya lalace, noti huɗu ne, a cire a sa wani.

Sai maganar wuta, wadda ita ce ta rai da mutuwa. Maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsirkiya a Stratocaster mai naɗi ɗaya ne, shi ke ba ta wannan murya garau da muke so a kiɗan highlife, amma shi ne kuma ke kwaso rurin janareto da na fitilu ya zuba a lasifika. Gibson ya magance wannan tun 1957 da maganaɗisu mai naɗi biyu. Jitocin zamani da yawa suna da dabarar rage rurin, sabon bugu mai bin tsohon zane sau da ƙafa kuwa ba shi da ita. Rurin dai abin haushi ne kawai. Haɗarin yana ga wayar ƙasa. Tsirkiyoyin jita a haɗe suke da jikin amfilifaya, kuma na ga wurare da yawa inda aka karye ƙafa ta uku ta filogi don ya shiga soket, janareton ma ba a kafa masa ƙarfe a ƙasa ba. In waya ta sami matsala a irin wannan hali, jikin makaɗi ne hanyar da wuta za ta bi, musamman in hannunsa na kan tsirkiya leɓensa ya taɓa makirfo. Haka ta kashe wani makaɗin Birtaniya, Leslie Harvey, a kan dandali a garin Swansea cikin 1972, jama'a suna kallo. Har wa yau amfilifayar gwanjo daga Amurka wuta mai ƙarfin 110 zuwa 120 take ci, tamu kuwa 230 ce. In ba a sa mata na'urar rage wuta ba, jonawar farko ita ce ta ƙarshe. Na gaya wa yaron, da a ce ni ne ma'aji, da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin nan mai aikin lantarki da amfilifaya zan ba.

Da dare, bayan mun mayar da wuyan mun saita tsirkiya, abokina ya ɗauko tsohon zance. Kafanchan gari ne da layin dogo ya raya tun 1927, lokacin da hanyar Fatakwal ta haɗu da ta Jos a nan, kuma ma'aikatan jirgi daga kowace kusurwa sun zo da garmaho da fayafayansu. Ta haka kunnen mutanen yankin ya saba da jitar Kwango, da Joromi ta Victor Uwaifo a 1965, da Sweet Mother ta Prince Nico Mbarga a 1976, ga kuma Bala Miller da ƙungiyarsa a Kaduna suna rera nasu da Hausa. Abokina ya tuna mini jitar da muka koya da ita, wadda ba wanda ya san sunan mai ƙera ta, tsirkiyarta ta yi nisa da wuya har yatsa kan fashe. Na ce masa ai mu mun ji daɗi. Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda ya zaga duniya da Stratocaster ta bahago, jitarsa ta farko da kansa ya sassaƙa ta, ya ɗaura mata wayar birkin keke.

Washegari yaron ya roƙe ni in bi shi gaban dattawa, na bi shi. Na kwance wuyan a gabansu, na nuna musu hatimin, na ce kuɗin da aka biya sun ɗan haura abin da ya kamata, amma kaya na kirki ne, kuma in an kula da ita za ta yi wa jikokinsu kiɗa. Ma'aji ya ce shi dai har yanzu rasit yake jira, kuma a wannan ban ga laifinsa ba, domin yaron bai karɓi ko guntuwar takarda daga hannun dillali ba. Wata dattijuwa daga cikin mata ta ce ita ba ta gane zancen Japan da Amurka ba, a jona a kaɗa ta ji. Aka ta da janareto, aka jona. Rurin da lasifika ta yi ya fi ƙarfin kiɗan, sai da aka aika a kira mai aikin lantarki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba zancen amfilifaya da lasifika, da yadda ake gane wadda aka sake naɗa wa waya.